Kwanukan Tagulla a Ƙofar Kanar Yom

Talata, 8 ga Afrilu, 1958. Ƙarfe biyar na yamma.

Mun iso Gamgol. Awa bakwai a jif daga Seoul, sau biyu muna kafewa a laka.

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, yau ne karo na biyu da na taka ƙauyen mijina. Karon farko kwana ɗaya muka yi, ranar jana'izar mahaifinsa, ya ce aiki na jiransa a bariki. Yanzu ya ajiye kaki, jam'iyya ta tsayar da shi takarar majalisa, ɗan takara kuwa dole ya kwana inda aka binne cibiyarsa. A nan za mu zauna har ranar zaɓe. 'Yarmu Sunok na bar ta wurin ƙanwata saboda makaranta.

Inna, mahaifiyarsa, ta tarbe mu a bakin ƙofa. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ka yi ƙiba." Ni kuma, da yake daga arewacin ƙasar na fito, ta ce min, "'Yar Arewa, har yanzu kina zuwa cocin nan naku?" Na ce ina zuwa. Ta ce, "To." Gaisuwar ke nan.

Palbong, ɗan ƙanen mahaifin Maigida, shi ke jan ragamar kamfe. Bakinsa ba ya hutawa. Ya cika rumfar baya da takalman roba na rabo, ya ja ni ya nuna min. "Matar Yaya, ga ƙuri'u nan. Kowace ƙafa biyu, ƙuri'a ɗaya. Mai ƙafa ɗaya ma ba ma raina shi."

Ko'ina hoton Maigida a bango: Kanar Yom Gicol, ɗan Gamgol, garkuwar ƙasa.

Alhamis, 10 ga Afrilu. Bayan abincin rana.

Palbong ya kawo rajistar masu zaɓe daga ofishin gunduma, ya shimfiɗa ta kusa da teburin Maigida tun bai gama cin abinci ba. Yana bi da yatsa, wannan namu ne, wannan sai an ba shi giya, wannan ko me aka ba shi ba zai yi mu ba. Sai ya tsaya a wani shafi ya kwashe da dariya.

"Yaya, ga samarinka nan, su tara, har yanzu suna cikin takarda. Ba wanda ya je ya rubuta sun mutu, tunda ba wanda ya ga gawa. Waɗannan ko takalmi ba sa buƙata. Ranar zaɓe zan sa a jefa musu."

Maigida ya ajiye cokali. Ya ce, "Bar min takardar."

Na san ya yi sojan Japan a Manchuria kafin mu sami 'yanci daga hannunsu. Na san a lokacin Laftanar Mizuhara ake kiransa, da sunan Japanawa. Rabin manyan hafsoshin da nake gaisawa da matansu a Seoul sun yi irin wannan, ba a dai maganar. Amma ban san yana da samari ba.

Ban tambaya ba.

Asabar, 12 ga Afrilu. Ƙarfe bakwai na safe.

Na fita shara na tarar da kwano a bakin ƙofar gida, ta waje, daidai kan dutsen da ake takawa. Kwanon tagulla, an goge shi yana ƙyalli, cike da farar shinkafa har ta yi tozo, an soke cokali a tsakiya yana tsaye. Tana tururi.

Ni 'yar coci ce, amma ba a coci aka haife ni ba. Na san wanda ake soka wa cokali a shinkafa. Mai rai ba a yi masa haka.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne shinkafar. Rumbuna sun ƙare, sha'ir bai nuna ba, yara na ɓare bawon itace a kan tudu suna tauna. Wa ke da farar shinkafar ajiyewa a hanya? Ga karnuka uku, haƙarƙari duk a waje, zaune tsallaken hanya suna kallon kwanon. Babu wanda ya matso.

Palbong ya ce aikin 'yan adawa ne. "Tsoro suke son ba mu. Matar Yaya, kawo kimci, kabejin nan mai yaji, mu cinye musu, gobe su ƙara da nama." Ya yi dariya, amma bai taɓa ba.

Na zuba wa kaji, na wanke kwanon, na kife shi a madafa.

Lahadi, 13 ga Afrilu. Da hantsi.

Biyu.

Wanda na kife jiya a madafa ba ya nan. Yana waje, shi da ɗan'uwansa.

Litinin, 14 ga Afrilu. Da safe.

Uku. Na wanke. Ba komai.

Talata, 15 ga Afrilu. Ƙarfe huɗu na yamma.

Huɗu da safe.

Yau aka raba takalma a ƙarƙashin babbar bishiyar bakin ƙauye. Ni na zauna wajen na mata. Can wajen ƙarshe wata tsohuwa ta zo, 'yar ƙarama, fararen kaya duk faci, bayanta ya lanƙwashe kamar lauje. Na miƙa mata farare. Ta ture hannuna a hankali.

"Ba ni na maza, 'yata. Babbar lamba. Ƙafa gare shi kamar ta ubansa."

Palbong ya raɗa min cewa Uwar Cilsong ce, ita kaɗai take zaune a gidan ƙarshe wajen rafi, in ba ta kawai a wuce wurin. Na ba ta. Ta rungume su a ƙirji, sannan ta juya wajen Maigida, yana tsaye yana gaisawa da dattawa.

Ta ce, "Laftanar, ka dawo?"

Shekara goma sha uku ba wanda ya kira shi da wannan. Ya cire hula ya rusuna mata sosai, fiye da yadda ya yi wa dattawan, amma idonsa na kan ƙasa.

Ta ce, "Ka yi ƙiba." Ta tafi.

Maganar Inna ce sak.

Laraba, 16 ga Afrilu. Tsakar rana.

Biyar. Palbong ya kwana a rumfar ƙofa da kulki. Ya ce, "Na rantse da kabarin ubana idona biyu har zakara ya yi cara. Ƙifta ido kawai na yi." Warin giyar shinkafa yake har yanzu.

Ɗazu ina shanya, Maigida na zaune a baranda yana duba jawabinsa. Aka buga ƙararrawar makarantar firamare, ta tashin tsakar rana. Ya miƙe zumbur, dugadugai a haɗe, hannuwa a jikin cinya, ya amsa da ƙarfi da Japananci. Kalma ɗaya. Ya tsaya haka har ƙarar ta mutu. Sannan ya zauna ya ci gaba da karatu kamar ba a yi komai ba.

Rana tsaka, kaji na tono, hasken rana ko'ina. Da a duhu ne ma da sauƙi.

Alhamis, 17 ga Afrilu. Da safe.

Shida. Na wanke.

Na leƙa randar shinkafar Inna. Ta yi ƙasa da kusan taƙi guda, alhali sha'ir muke haɗawa da tamu.

Jumma'a, 18 ga Afrilu. Ƙarfe uku na yamma.

Bakwai.

Da maza suka fita zagayen ƙauyuka na sami Inna a ɗakinta tana ɗinki. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shinkafar nan daga randarmu take fita."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kina nufin ni ce."

"Ban ce ba, Inna."

"Kin ce. Tashi ki ɗauke bargunan nan."

A ƙarƙashinsu akwai tsohon akwatin katako. Ta buɗe. Kwanuka biyu ne a ciki, naɗe da tsumma, da tsummokara bakwai babu komai a cikinsu.

Ga abin da ta gaya min, ina rubutawa don kar in canza shi gobe.

Shekarar da ta gabaci 'yanci, Japanawa suka aiko ɗanta gida da takobi a ƙugu. Aka tara ƙauye a filin makaranta, ya hau dandamali ya yi jawabi, ya ce duk saurayin da ya bi shi zai dawo da daraja, kuma shi da kansa zai kula da su kamar ƙannensa. Iyaye suka ce gara ɗan gida da baƙo, tunda ko ba su yarda ba za a zo a kwashe su. Tara suka bi shi. A watan nan kuma aka karɓe tagullar kowane gida don ƙera harsashi, aka jibge a tsakar gidan nan, saboda mijin Inna ne mai unguwa. Inna ta zare kwano ɗaya daga na kowane gidan da aka ɗauki yaro, ta binne a bayan randunan miya. Ta ce nufinta in sun dawo kowa ya sami abin cin abinci.

Maigida shi kaɗai ya dawo, cikin kayan manoma.

Na ce, "Me ya hana ki mayar wa iyayensu?"

Ta ce, "Da wane ido? Sau ɗaya a shekara nake fito da su in zuba musu abinci a ɗakin nan, ƙofa a rufe. Iyayensu ma kame-kame suke, wannan ta ɗauki ranar da ya bar gida, waccan ta ɗauki ranar haihuwarsa. Mamaci ranar mutuwarsa ake ajiye masa abinci duk shekara, wanda ba a san ranarsa ba kuwa, in ya zo ba ya samun tebur. Shekara goma sha uku suna yawo da yunwa." Ta rufe akwatin. "Amma ni ban taɓa kai su ƙofar gida ba. Gwiwata ma ba za ta kai ni ba."

"To wa ke ɗauka, Inna? A ɗakin nan kike kwana."

Ta zura zare a allura. Sau uku tana kuskure ramin.

Asabar, 19 ga Afrilu. Ƙarfe shida na safe.

Na gani.

Ba zan rubuta ba.

Asabar. Ƙarfe goma.

Zan rubuta.

Gari ya fara haske na farka, shimfiɗar Maigida babu kowa. Hayaƙi na fita ta madafa. Mutumin da tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa sa ƙafa a madafa ba, na same shi tsugune gaban murhu, babu takalmi, yana goge kwano da toka da ƙaiƙayi. Ya iya. Ya kwashe shinkafa ya cika su ɗaya bayan ɗaya, yana gyara tozon da bayan cokali. Idonsa a buɗe.

Na ce, "Baban Sunok."

Ya dube ni kamar yadda ake duban matar da aka tarar a gidan mutane, ya ce wani abu da Japananci, cikin ladabi. Na tuna kaɗan daga na makaranta. Cewa ya yi in matsa, yara ba su ci ba.

Na matsa.

Takwas ya jera. Ya koma ya kwanta. Ƙarfe takwas ya tashi ya yi aski, ya tambaye ni ina farar rigarsa.

Lahadi, 20 ga Afrilu. Bayan coci.

Takwas.

Na yi addu'a amma ban san me zan roƙa ba. Na ce Ubangiji Ka sani.

Litinin, 21 ga Afrilu. Da safe.

Takwas. Na jira na tara, bai fito ba. Yana nan cikin akwati shi kaɗai.

Na tambayi Inna na wane gida ne. Ta juya shi ta nuna min gindin, an zana taurari bakwai da bakin ƙusa. Ta ce na Cilsong ne, uwarsa ta roƙe shi wajen taurari bayan ta binne 'ya'ya huɗu, ma'anar sunansa ma ke nan.

Talata, 22 ga Afrilu. Ƙarfe biyu na rana.

Na kai masa ruwan sha'ir a baranda, babu kowa. Na ce, "Baban Sunok, kwanukan nan."

"Waɗanne kwanuka?"

"Na ƙofar gida."

"Ai Palbong ya ce 'yan adawa ne." Ya juya shafi. Can, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Ki daina wanke su da sabulu. Yana kashe musu haske, sai mutum ya yi ta fama."

Shi ma ya ji abin da ya faɗa. Ya ajiye takardar, ya buɗe tafukan hannunsa yana kallo. Toka ce baƙa a ƙarƙashin kowane farce.

Ya ce, "Uwar Sunok, tun yaushe?"

Na ce, "Kwana goma sha ɗaya."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba, ko lokacin yaƙi da muke gudu kudu da goyo harsashi na bin mu. Yau na gani.

Laraba, 23 ga Afrilu. Da hantsi.

Na ɗauka tunda ya sani zai daina. Takwas.

Yau ban kwashe ba. Inna ce ta ce in bari. "Ba naki ba ne, ba nawa ba ne."

Alhamis, 24 ga Afrilu. Da yamma.

Inna na son a kira 'yar bori, ni ina son a kira fasto, Palbong ya ce duk wanda ya shigo gidan nan da ganga ko da littafi sai dai ya bi ta kansa. "Saura kwana takwas, jama'a! Ku bari mu ci zaɓe, bayan nan kowa ya haukace yadda yake so."

Amma magana ta riga ta fita. Da safe wata mata mai tulu a ka ta tsaya, ta sauke tulun, ta ɗaga kwano ɗaya ta leƙa gindinsa. Ta mayar da shi inda yake da hannu biyu. Ba ta je rijiyar ba, gida ta koma.

Jumma'a, 25 ga Afrilu. Ƙarfe bakwai na safe.

Mata takwas zaune tsallaken hanya, inda karnuka suke zama. Ba kuka, ba magana. Kowace na kallon nata. Da tururin ya daina tashi suka miƙe suka tafi gona.

Uwar Cilsong ba ta cikinsu. Tana can nesa, tsaye jikin katanga.

Asabar, 26 ga Afrilu. Da rana.

Haka dai. Gobe babban taro a filin makaranta. Maigida ya ƙi cin abinci. Ba komai.

Lahadi, 27 ga Afrilu. Ƙarfe shida na yamma.

Gara in rubuta yanzu.

Fili ya cika, an kawo mutane daga ƙauyuka biyar, ga manyan jam'iyya daga birni a kan kujeru, ga lasifika a kan sanda. Dandamalin na siminti ne, Palbong ya ce shi ne dai na da, fenti kawai aka yi masa. Maigida ya hau. Ya fara da kyau, gada a kan rafi, takin zamani, rufin makaranta. Ana tafi inda Palbong ya ɗaga hannu.

Sai ya kai inda aka rubuta masa cewa zai kula da mutanen Gamgol kamar ƙannensa. Ya karanta rabin layin ya tsaya.

Lasifikar na ta ƙugi ita kaɗai. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya haɗe dugadugansa.

Ya ce, "Manbok."

Mutane suka dubi juna.

Ya sake cewa, "Manbok," da muryar da ban san shi da ita ba, muryar kiran suna a fareti.

Can baya wata tsohuwa ta ce, "Ga uwarsa."

"Samdol."

"Ga uwarsa."

"Gapsu." Wannan yayarsa ce ta amsa, uwar ta rasu. Ilnam, Dokgu, Bongnam, Jaedok, Yongsu. Kowane suna, murya ɗaya daga wani gefen filin. Ko jarirai ba su yi kuka ba.

Ya ce, "Goma ga watan bakwai na lissafin wata, shekarar 'yanci. Duk su takwas, rana ɗaya. A gindin wani tudu kusa da layin dogo a Manchuria. An ba kowa akwatin nakiya ya rungume, ya shiga ƙarƙashin tankokin Rasha. Ni na ɗaura musu." Ya haɗiye yawu, muka ji ta lasifika. "Kwana biyu ke nan da gama yaƙi. Na sani. Na ji a rediyon kyaftin. Su ba su sani ba."

Wani daga cikin manyan ya yi alama a kashe lasifika. Aka kashe. Amma wurin ya yi shirun da ba a buƙatar ta.

Na jira ihu, na jira jifa. Har na duba ta inda zan bi in kai gare shi. Sai Uwar Manbok ta matso gaban dandamali tana dogara sanda, ta ɗaga kai ta ce, "Da safe ko da yamma?"

Ya ce, "Da safe, Inna. Rana ba ta yi zafi ba."

"Ya ci abinci?"

Ya ce, "A'a."

Ta gyaɗa kai, ta juya tana lissafi da yatsu, tana maimaitawa, goma ga watan bakwai, goma ga watan bakwai. Sauran matan suka bi ta. Haka taron ya watse, kamar an tashi daga kasuwa.

Uwar Cilsong ta tsaya inda take har fili ya zama babu kowa sai mu da masu kwance lasifika. Tana jira. Ya sauko ta ɗaya gefen.

Litinin, 28 ga Afrilu. Da safe.

Babu komai a ƙofa. Jiya da yamma kowace ta zo ta ɗauki nata. Maigida ya yi barci har ƙarfe tara.

Talata, 29 ga Afrilu. Ƙarfe huɗu.

Mutum biyu daga jam'iyya sun zo da baƙar mota. Sun ce za a sanar zazzaɓi ne ya buge Kanar saboda gajiya, kar ya sake hawa dandamali, sauran aikin a bar musu. Ya ce musu yana son ya janye. Babban cikinsu ya yi murmushi ya ce an riga an buga takardun ƙuri'a.

Palbong ya daina wasa. Ya zauna a madafa kamar mace yana tura ƙirare a wuta. Ya ce, "Matar Yaya, Gapsu fa tare muka yi kiwon saniya. Ni ciwon ƙirji ne ya hana a ɗauke ni. Har kuka na yi da suka tafi suka bar ni."

Jumma'a, 2 ga Mayu. Ƙarfe biyar na yamma.

An yi zaɓe. Na je na jefa, shi bai fita ba.

Palbong ya dawo fuska a kumbure. Ya ce ya je da niyyar a soke sunayen samarin nan, ya tarar an riga an dangwala a gaban kowanne tun kafin a buɗe ƙofa. "Su tara duk sun zaɓe shi, Matar Yaya. Ba ni ba ne, na rantse. Wasu sun riga ni."

Asabar, 3 ga Mayu. Da rana.

Maigida ya ci zaɓe. An ce da rata mai yawa. An kawo giya da alade, makaɗa sun zo, amma daga Gamgol ba wanda ya leƙo sai masu son nama.

Lahadi, 4 ga Mayu. Ƙarfe uku na yamma.

Ban je coci ba, muna haɗa kayan komawa Seoul. Wajen ƙarfe sha ɗaya na ji an turo ƙofa ba sallama. Uwar Cilsong ce. Ta ratsa tsakar gida ta zauna a bakin baranda, ta cire takalmanta ta jera. Inna ta leƙo ta ga ko wace ce, ta ja ƙofarta ta rufe.

Tsohuwar ta ce min, "Kira min Gicol."

Ba Kanar ba, ba Laftanar ba, ba ɗan majalisa ba. Na kira shi. Ya fito, ya sauka ƙasa, ya durƙusa a kan turɓaya da sabon wandonsa. Na so in ba su wuri, ta ce in zauna, kunnenta ba ya ji sosai, in ta rasa wani abu in maimaita mata.

Ta ce, "Takwas ka kira."

"Haka ne, Inna."

"Na goya ka a bayan nan lokacin da uwarka ke kwance. Faɗa min."

Ya ce, "Ana gobe abin zai faru, da yamma, ya ji raɗe-raɗi wajen masu dafa abinci. Ya zo ya same ni a gaban kyaftin, ya yi min magana da harshenmu. Ya ce, Yaya, an ce yaƙi ya ƙare, mu tafi gida. Kyaftin ya tambaye ni me ya ce. Na fassara. Ya dube ni, ya dubi bindigar da ke ƙuguna. Inna, ni ne. Da hannuna."

Ta juyo gare ni. Na ɗauka ba ta ji ba, na buɗe baki ban san yadda zan maimaita ba. Ta ɗaga min hannu.

Ta ce, "Rana na tambaye ka, ba wanda ya yi ba. Wanda ya yi na sani tun shekarar da ka dawo, ka gaida kowane gida a ƙauyen nan ka kewaye nawa."

Ya ce, "Tara ga watan bakwai. Rana ta kusa faɗuwa."

"Tara." Ta lanƙwasa yatsu. "Ya kira ka Yaya?"

"Ya kira."

"To. Ba shi da ɗa, ba shi da wa, ba shi da ƙane. Ni mace ce, zuba giya ba hurumina ba ne, kuma na kusa. Tara ga watan bakwai za ka zo gidana, ka zuba masa giya, ka rusuna sau biyu. Bana, da baɗi, da bayan na mutu."

"To, Inna."

"Ko kana majalisa."

"Ko ina majalisa."

"Ka zo da yunwarka. In ya gama ci, wanda ya zuba giya shi ke fara cin saura."

Ta sa takalmanta. Ya miƙa hannu zai taimake ta ta miƙe, ta dubi hannun, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta kama, don babu wani abin kamawa kusa. Ta fita, ba ta waiwayo ba.

Yana nan durƙushe har yanzu da nake rubutun nan, inuwar katanga ta kai gwiwarsa. Direba ya yi hon sau biyu. Ɗazu ya ɗago ya ce in duba masa kalanda. Na duba, tara ga watan bakwai na lissafin wata bana ranar Asabar ce, 23 ga Agusta, kwana ɗari da goma sha ɗaya daga yau.

Ya ce in sake ƙirgawa.